Farin Lodin Papa

Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto cewa in daina wahalar da ɗan mutane, in kai shi gida kawai a wuce wurin. 'Yar'uwa, da kin san Papa da ba ki faɗi haka ba. Amma gyara zama ki ji, don a makon nan na yi abin da ya hana ni sakat, kuma ba ni da inda zan kai shi sai wurinku.

Ga sababbin zuwa, sunana Odile Michaud, shekarata ashirin da shida. Ina zaune da mahaifina Fernand da mahaifiyarsa, wadda duk gari ke kira Memer, a wani ɗan garin masu saran itace can arewa, inda tafiyar minti ashirin za ta shigar da kai Kanada. Aikina a tashar lantarki ne, mai ƙona ɓarzajjen itace ta ba da wuta. Kada ku ɗauka wani ofis ne na a zo a gani. Ɗan ɗaki ne kamar akurki a bakin sikelin manyan motoci, taga ɗaya, hita mai ƙara, sai maɓallai biyu a gabana, kore da ja. Tirela za ta hau sikeli, in fita in leƙa lodin, in karɓi takardar direba in sa hannu, in danna kore ya wuce ya juye. Jan kuwa, shekarata huɗu a nan, sau shida na taɓa shi.

Ga abin da nake leƙawa. Jiharmu ta ɗora wa masu sayar da wuta cewa dole wani kaso na wutarsu ya fito daga abin da ke sabuntuwa, iska ko rana ko ruwa. Itace ma ya samu shiga, amma ba kowanne ba. Rassa da kawunan bishiya da ake bari a daji bayan an kwashe gumagumai, suna ciki. Garin katako na masu zarto yana ciki. Bishiyar da ƙwari suka kashe, ita ma. Katako mai fenti, a'a. Lafiyayyen gungume da aka sare aka ɓarza gaba ɗayansa, shi ma a'a, sun ce wannan ba saura ba ne, dajin ne kansa ake ƙonawa. Da wannan dokar tasharmu ke numfashi. Shi ya sa duk direban da aka kama takardarsa ta ce “saura” alhali ba shi ya ɗauko ba, ana cire sunansa daga masu kawo mana kaya shekara guda cur.

Wa ke kamawar? Ansel Whitcomb, saurayina. To kun ji inda gizo ke saƙar.

Jiha ce ke turo shi duk Talatar farkon wata, da bokitinsa da rariya da 'yan jakunkunan leda. Dogo ne, ɗan birni, kunnuwansa kan yi ja in ya ji kunya. Ranar farko ya tsaya a tagata ya ce ko zan ara masa biro, ga biro biyu suna leƙowa daga aljihun rigarsa. Wata tara ke nan. Mutum ne da ƙarya ba ta zama a bakinsa. Na taɓa tambayarsa ko sabon gyaran gashina ya yi kyau, ya yi shiru har shayina ya huce.

Papa kuwa shekara talatin da ɗaya ya yi yana kai wa kamfanin takarda ɓarzajjen itace. Su fari suke so, tas, ba ɓawo, ba ganye, ba ƙasa, in ɓawo ya yi yawa su mayar da mota. Ba a taɓa mayar wa Papa da lodi ba. Ko sau ɗaya. Wannan maganar na ji ta a teburinmu fiye da addu'ar cin abinci. Da kamfanin ya rufe ya dawo kawo mana rassa, kuma har yau bai taɓa kiran abin da sunansa ba. “Na kai muku shararku,” haka yake cewa. Ansel kuma, da bai taɓa yarda ya gaisa da shi ba, sunansa “yaron nan mai shinshina shara”.

Ran Alhamis ta makon jiya muna kicin da yamma, Memer na soya ploye, wainarmu mai ido-ido, tana jero su a faranti mai bakin shuɗi, ga tukunyar wake tana tururi a kan murhun itace. Papa ya cire takalmansa a ƙofa, yana zaune da safar ulu mai huda a babban yatsa. Ba tare da ta juyo ba Memer ta ce, “Fernand, Lahadi ta sama yaron zai zo cin abinci bayan coci.”

Na ajiye cokalina. Ni ban san da zancen ba.

“Wane yaro?” in ji Papa.

“Wane yaro! Yara nawa 'yarka ke tarawa? Mai kunnuwan nan.”

“Memer!”

“Ke rufe min baki. Shekarata tamanin da biyu, kina so in mutu ban ga jaririnki ba? A shekarunki na yaye uku.” Ta dire min waina a faranti kamar mai hukunta ni da ita. “Amma ki ji da kyau. In ubanki bai sa albarka ba, kada ki kawo min katin gayyata. A gidan nan ba a aure ta taga.”

Papa ya daɗe yana shafa man shanu a wainarsa, ya zuba zumar da ake tatsowa daga bishiyar mafil, ya naɗe ta. Ni kuwa zuciyata sai dukan uku-uku take.

“Talata yake zuwa tasharku?”

“E, Papa.”

“To. Zai ga aikina kafin ya ga teburina.”

Jama'a, murna na yi. Ku yi min dariya, na cancanta. Na haye sama da gudu na faɗa kan gado da waya, na tura wa Ansel saƙo.

“Papa ya yarda. Lahadi ta sama.”

“Da gaske? Me zan sa?”

“Ba rigar nan mai hoton kifi ba.”

“Kyauta ce daga mahaifiyata.”

“Allah ya saka mata. Ka bar ta a gida.”

“In kawo wa Memer furanni?”

“Kawo mata ci. Duk abin da ta zuba maka ka cinye ka nemi ƙari.”

“Ina jin tsoron babanki, Odile.”

“Kowa ma haka. Ni kaɗai ce ba na ji.”

Haka na rubuta, da bakina mai kauri.

Asabar Papa ya wuni a waje. Na ji kukan zarto daga tudun bayan gidanmu, inda tsofaffin bishiyoyin mafil na kakana suke, na ɗauka itacen girki yake haɗawa. Litinin na gan shi yana wasa wuƙaƙen injin ɓarza yana fito. Papa da yin fito! Rabon da in ji haka tun Mama na da rai. Na ce a raina lallai Allah ya karɓi addu'ata, ban tambayi komai ba.

Talata na tashi da wuri. Aikinmu ba na kwalliya ba ne, takalmi mai bakin ƙarfe, wando mai kauri, riga mai ruwan lemo da ke sheƙi, hular kwano. Duk da haka na sa 'yan kunnen Mama na azurfa, na goga jan baki kaɗan, na fesa turare a wuyan rigar sanyina. Memer ta bi ni da kallo daga kujerarta. “Sikelin ne zai shaƙi wannan ƙamshin?” Na yi kamar ban ji ba.

Ƙarfe tara Ansel ya iso, ya ɗaga min hannu daga nesa kamar wanda bai san ni ba, don haka muke yi a wurin aiki, ya wuce wajen tarin kaya da bokitinsa. Motoci huɗu na sallama. Ta biyar na hango ta tun daga kwana, na ƙi yarda da idona. Tirelar Papa ce, amma an wanke ta har tayoyi, a wannan lokacin taɓo da ƙanƙara ke narkewa, kowace mota kamar ta yi wanka a kunu. Ya hau sikeli a hankali, ya sauko. Ya yi aski. Yana sanye da rigar ulu mai ja da baƙi, ta zuwa coci, ya soke ta a wando.

Rosaire, abokinsa tun yarinta da ke layi a bayansa, ya leƙo ta tagar motarsa. “Kai Fernand! Wa ya mutu? Ko aure za ka ƙara ba mu sani ba?”

“Rufe bakin nan kada ƙuda ya shiga. Sauko ka ga yadda lodi yake, in ka manta.”

“Ni in manta? Ina ɗaukar lodi kana tsotsar yatsa.”

“Shi ya sa har yau naka ke kama da abin da aka sharo daga ƙarƙashin gado.”

Ina dariya na zagaya bayan motar. Papa da kansa ya buɗe min 'yar ƙofar leƙawa, ya ja baya yana goge hannu a wando.

Fari ne fat, kamar shinkafar da aka wanke. Kowane ɓalli daidai da ɗan'uwansa, ba ɓawo, ba tsinke, ba ganye ko ɗaya. Ƙamshin ɗanyen mafil ya bugi hancina, mai ɗan zaƙi. Rassa ba sa ba da irin wannan, duk wanda ya yi sati guda a aikin nan ya sani. Tsakiyar lafiyayyen gungume ce kaɗai, wanda aka fere ɓawonsa kafin a ba injin.

Gabana ya faɗi.

“Papa,” na ce a hankali, “daga ina?”

“Daga tudunmu. Goma sha ɗaya na kayar, na zaɓi miƙaƙƙu. Da hannu na fere su.” Ya rage murya, idonsa na walƙiya kamar na yaro. “Kin zaci zan bar yaron nan ya sa hannu a shara ya ce wannan ne aikin surukinsa?”

Surukinsa. Da bakinsa ya faɗa. Wata tara ina jiran kalmar nan, sai ga ta ta zo a ranar da ba zan iya ɗaukarta ba.

“Papa, wannan ba ya cikin doka. Gungume ne. Saura kawai ake karɓa.”

“Haba 'yar nan. In suna karɓar shara, mai kyau kuma ai ba a magana.”

“Ba haka dokar take ba.”

“Wace irin doka ce za ta ƙi abu don ya fi kyau?”

Ya zaro takardarsa daga aljihu ya miƙo min. Na san ta ba sai na buɗe ba. Papa ba ya son cike fom, ni ke cike masa na wata guda a teburin kicin, shi dai ya sa kwanan wata. Kalmar “saura” tana nan a jiki, da rubutun hannuna. Ashe duk shekarun nan ban taɓa zaunar da shi na karanta masa dokar ba. Na sauƙaƙa masa, ban koya masa ba. Wannan laifina ne, kuma na sani.

Na ƙi karɓa. Na ɓoye hannuwana a aljihu kamar takardar wuta ce.

Ku gane inda nake tsaye. In na karɓa na sa hannu na danna kore, lodin ya shiga da sunan saura. Ansel zai ɗebi bokiti guda, ba ma sai ya tace ba, kuma zai rubuta abin da ya gani. Papa zai yi shekara a gida, mutumin da ba ya iya zaman awa guda. In kuwa na danna ja kafin takarda ta shiga hannuna, babu abin da aka yi iƙirari, babu abin da za a rubuta, lodi ne kawai aka mayar. Kawai, na ce. Lodi na farko cikin shekara talatin da ɗaya da ɗori.

“Papa, don Allah ja da baya ka tafi gida. Ka ce mota ce ta samu matsala. Zan yi maka bayani.”

“In ja da baya? Da motoci uku a bayana? A gaban yaron?” Ya yi dariya ya dafa kafaɗata. “Ke dai kunya kike ji. Je ki danna abinki.”

Na waiga. Ansel ya baro tarin kaya, yana tahowa da bokitinsa, ya cire safar hannun dama tun daga nesa don ya gaisa da Papa. Kunnuwan nan sun yi ja. Taku talatin ne tsakaninmu, ko ƙasa da haka.

Na shiga akurkina. Na tuna hitar tana ƙara, na tuna jan bakina ya manne a bakin kofi. Na kalli Papa ta taga yana gyara wuyan rigarsa. Na danna ja.

Ku da ba ku taɓa ji ba, jan nan ba fitila ba ce kawai. Ƙaho gare shi, mai tsawo, da ake ji har wajen injuna. Duk filin ya tsaya. Rosaire ya kashe motarsa. Masu aikin juye kaya suka ɗago kai.

Papa bai motsa ba. Ya kalli fitilar, ya kalli motarsa, kamar mai neman wata motar da ake yi wa ƙahon. Sai ya tako zuwa tagata a hankali, takardar na hannunsa har lokacin.

“Kuskure ne?”

Na kau da ido daga fuskarsa.

“Odile. Me ya samu lodina?”

“Ya yi tsabta da yawa, Papa.”

Wani daga baya ya yi 'yar dariya, ya haɗiye ta. Na ga wuyan Papa ya yi ja, jan ya hau har goshi. Daidai nan Ansel ya iso, ya leƙa 'yar ƙofar tirelar da ke buɗe, ya sa hannu ya ɗebo. Na ga fuskarsa lokacin da ya gane, na ga ya kalli takardar da ke hannun Papa, ya kalle ni. Bai ɗauki daƙiƙa uku ba ya haɗa komai.

“Mista Michaud,” ya ce, “ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba.”

Da gaske yake, na rantse muku. Amma a kunnen Papa ba'a ce.

“Mai kyau, shi ya sa kuka busa min ƙaho kamar ɓarawo?” Papa ya matso har ƙirjinsu ya kusa haɗuwa. “Faɗa min gaskiya, yaro. Kai ka sa ta?”

Na buɗe baki zan ce a'a. Allah ya sani na buɗe.

“Ni ne, yallaɓai,” in ji Ansel. “Na hango lodin tun daga can, na yi mata alama ta mayar. Ba ta da zaɓi, umarnin jiha ne.”

Daga can ɗin da yake faɗa, ko launin motar da ƙyar ake gani, balle abin da ke cikinta. Kunnuwansa kamar za su kama wuta, amma bai sauke ido ba. Rosaire ya sunkuyar da kai yana wasa da makulli.

Papa ya daɗe yana kallonsa. Ya ninke takardar gida huɗu ya mayar aljihu.

“Bishiyoyin ubana ne,” ya ce. “Dominka na sare su.”

“Na sani, yallaɓai. Ka yi haƙuri.”

“Riƙe haƙurinka. Ran Lahadi kada in ga ƙafarka a ƙofata. Ba wannan Lahadin ba, ba wata ba.”

Ansel ya ce, “To, yallaɓai.” Ya ɗauki bokitinsa ya juya. Bai kalle ni ba, na san don kada Papa ya karanta wani abu a idonsa ne. Ni kuwa ina tsaye a taga, da 'yan kunnen Mama da turarena.

Kafin Papa ya rufe ƙofar motar wayata ta yi ƙara a aljihu. Ansel ne, daga bayan tarin kaya.

“Kada ki faɗa masa. Ni in ya tsane ni, ba abin da zai rasa. Ke kaɗai gare shi.”

Na rubuta “Ni fa? Ni me zan rasa?” na goge. Na rubuta “Ina sonka” na goge. Ban aika komai ba.

Na zaci Papa zai ja motarsa ya tafi. Sai ya dawo tagata. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da ya dace da ni, ina ma roƙon ya zo, don da ya zage ni da na samu sauƙi. Sai na ji hannunsa, mai kaushi, mai ƙamshin mafil, ya shigo ta taga ya gyara min hular kwanon da ta karkace, kamar ranar da ya fara kai ni makaranta.

“Share hawayenki, mutane na kallo,” ya ce. “Na san ba ke ba ce. 'Yata ba za ta yi min haka ba.”

Na gyaɗa masa kai.

Kun ji? Na gyaɗa kai. Yau Alhamis, kwana biyu ke nan yana zuba min shayi da kansa yana ce min in manta da yaron, Allah zai kawo na kirki. Ni kuma ina karɓar kofin da hannun da ya danna maɓallin, ina cewa na gode, Papa.